Durumin da Aka Sare a Dandali

Kai da aka ba aikin gyaran filin unguwa, ajiye takardun nan tukuna ka ji wannan. An yi wani mai zanen gine-gine da hukuma ta ɗora wa gyaran dandalin unguwar da aka haife shi. Wurin ba abin kallo ba ne, ƙasa ce kawai da wani tsohon durumi mai zubar da ganye da kashin tsuntsaye. Amma a gindinsa mahaifinsa yake wuni, shi da amininsa na shekara hamsin, wani tsohon tela da ke dogaro sanda daga wata unguwa. Da safe su shimfiɗa tabarma yamma da bishiyar, rana na juyawa su ja ta gabas. Duk mai wucewa sai ya rusuna ya gaishe su, ya bar musu labari: an haihu gidan wane, wane yana asibiti. Shi mai zanen ɗan fari ne, saboda haka tsakaninsa da uban sai gaisuwa, bai taɓa zama a wurin ba balle ya tambaya. A ofis ya zana abinsa, ya sa aka sare durumin, aka malale ƙasa da siminti, aka jera kujeru a layi kamar na asibiti, aka kewaye da shingen ƙarfe. Ranar buɗewa an sha ɗaukar hoto. Ya yi kyau kam, wannan ban hana shi ba.

Sai dai kafin azahar kujerun nan ko akuya ba ta yarda ta hau su don zafi. Uban ya je sau biyu, ya dawo da tabarmarsa a naɗe. Telan ma ya daina zuwa, don ɗan shekara tamanin ba ya tako wannan nisa ya tsaya a rana. Masu wucewa suka koma bi ta bayan shinge. Uban ya koma zaure shi kaɗai, kunyar ɗan fari ta hana shi cewa uffan. Ana nan, rannan wani mai tallar goro ya leƙo ya yi masa ta'aziyya, yana zaton ya sani. Ashe telan ya kwana bakwai a kabari. Bai sallace shi ba, bai raka shi ba, ga shi tsakaninsu bai fi tafiyar rabin awa ba. Har yau in na tuna kukan dattijon nan sai zuciyata ta karye.

Da ɗan ya ji, ya zo da dashen durumi a leda, ya durƙusa a bakin zaure. Tsohon bai ɗago ya dube shi ba, ya ce, "A dasa, ko jikoki sa sha inuwa. Ni wanda zan zauna da shi ya riga ya tafi."

To ka je filin nan ka wuni da mutanensa kafin ka ja layi ko guda. Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.