Kwalbar Wuyan Tasalla

Daren jiya na ji ana waƙar daka a ɗakinmu. Ashe kwalbar da ke tsotse ruwan ciwo daga wuyan matata Tasalla ce. Muryarta ce sak, alhali tun da aka cire mata maƙoƙo ba ta iya cewa uffan.

Da safe ma'aikaciyar asibiti ta zo gida ta zare robar daga wuyanta, ta miƙo min kwalbar.

"Baba, doka ce, a kai asibiti a ƙona kafin azahar. Ta kowa haka take yi."

Na ɗaure kwalbar a keke, Tasalla tana kallo daga ƙofa. Maƙwabcina Sallau ya kara kunne a jikin kwalbar, ya daɗe.

"Malam Ɗanlami, in an ƙona, wa zai amsa maka sallama?"