Ba Ya Cikin Littafin Ƙidaya

Sau biyu Dogo yana shuka a daminar nan, sau biyu rana tana ƙone tsiron tun bai kai tsawon yatsa ba. Ɗan irin da ya rage kuwa, matarsa Cima ta daka ta yi wa yara kunu, don ba a kallon yaro yana kukan yunwa a ce ana ajiyar iri. Yanzu ga ruwa ya dawo, ƙasa ta jiƙe sharkaf, hannu babu ko ƙwaya. Wanda bai shuka cikin kwana ukun nan ba, sai dai ya naɗe tabarma ya shiga duniya da iyalinsa.

Shi ya sa ya tako da ƙafa tun daga ƙauyensu na bayan Cadakori har Gidan Rumji, da wani tsohon buhu a hammata.

Labari ya game ƙasa cewa Amadu Hambali ya zo hutu. Ɗan marigayi maigarin su Dogo ne, wanda gardawa, dogaran Baturen kumandan, suka tafi da shi lakol, makarantar boko, tun zamanin Nasara, bai sake taka ƙauyen ba. Ya zo na ɗaya a Maradi, ya zo na ɗaya a Yamai, yanzu yana jami'a a Dakar, an ce malamansa Turawa ma sai sun gyara zama in ya ɗaga hannu. Shi ne shugaban ɗaliban ƙasarmu a can. Hutu uku ya yi yana bin ƙauyuka yana tara zangarniyar gero iri-iri yana gwadawa, har ya ware wani mai nuna cikin kwana saba'in. Shi ya kwaso abokan karatunsa suka zo raba irin kyauta, shekara biyu da samun mulkin kai.

Kyauta, amma da sharaɗi. Sai wanda sunansa yake cikin littafin ƙidaya, don kada fatake su kwashe su ƙetara iyaka da shi.

To, nan ake yin ta.

Sai da rana ta take tsaka layi ya kawo Dogo gaban tebur a ƙofar buro, ofishin hukuma. Magatakarda Ishaku bai ko ɗaga kai ba.

"Suna?"

"Dogo."

"Ai raƙumi ma dogo ne. Sunan yanka nike so, da na uba."

Gumi ya shiga bin bayan Dogo. Yana ɗan shekara bakwai, ran da za a kai shi riƙo wajen gwaggonsa a Gazawa, ubansa ya sa shi dafa Alƙur'ani kan ba zai taɓa faɗin sunansa gaban mai riƙe da alƙalamin Nasara ba. Shekara goma sha bakwai yana riƙe da rantsuwar nan. Masu ƙidaya suka zo, ya shige daji. Masu lambar rigakafi suka zo, ya shige daji. Ko da ya dawo gida bayan rasuwar tsohon, Dogo ya ci gaba da zama Dogo, dattawan gari kuma suka iya bakinsu.

Ya roƙi Ishaku don Allah don Annabi. Ya ce zai nome masa gona bana da baɗi. Ishaku ya ce shi doka aka ba shi, ya yafito na baya, gardi ya ture Dogo gefe kamar akuya ta shigo masallaci.

Dogo ya tsuguna gindin itacen bedi yana kallon buhuna suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta wuce ta gabansa da rabonta a ƙwarya, wallahi sai da hannunsa ya motsa, ya yi maza ya danne shi da ɗayan yana istigfari. Kaico! Shi da gidansu ba a taɓa sauke tukunya don baƙo ya tafi ba. Ya tuna autarsa, wadda jiya ya ɗaga ya ji ba ta fi kaza nauyi ba, sai tsoro ya kama shi sosai.

Can ya hango ɗalibin da ake ta labari, siriri, fari, hanci har baka, ya naɗe hannun riga yana awo da kansa. Wata saniya ta ɓalle daga kasuwa ta nufo buhunan, mutane suka dare. Ɗalibin ya yi mata wani ɗan fito ba tare da ya ajiye mudu ba, saniya ta juya salin-alin. Aka yi dariya, aka ce boko ba abin da bai koyarwa.

Buhu ɗaya ya rage, shi ma an farke bakinsa.

Dogo bai san sa'ad da ya keta layi ba. Gardi ya kai masa sanda a kafaɗa, bai ji ba. Ya zube a ƙasa ya rungume ƙafafun ɗalibin, ƙaton mutum yana kuka wiwi a bainar jama'a.

Ɗalibin ya tsawata wa gardi, ya kama Dogo ya miƙar da shi, ya karɓe alƙalami daga hannun Ishaku, ya jawo littafin gabansa.

"Ba mai komawa hannu rabbana yau. Ni zan sa ka littafi da hannuna. Faɗa mini kawai, mi sunanka, ɗan wa?"

Dogo ya dubi alƙalamin, ya dubi buhun. Ya nemi gafarar Allah da ta ubansa a zuci, ya matso da bakinsa kusa da kunnen ɗalibin don kada Ishaku ya ji.

"Yallaɓai, ba sai ka rubuta ba, shekara goma sha bakwai kana rubuta shi. Ni ne Amadu Hambali, ni anka ɓoye cikin rumbu ran da gardawa sunka zo ɗaukar ɗan maigari, anka miƙa musu ɗan makiyayinmu."