Gishiri a Cikin Gajimare

Ruwan ya sauko da la'asar, bayan hayaƙin gobarar daji ya yi makonni yana toshe unguwar Danau Kota da ƙirjin wata yarinya mai ciwon asma.

Mahaifinta ɗalibi ne, kuma bincikensa ya nace cewa duhun da Attaura ta ce ya rufe Masar tokar dutse mai aman wuta ce kawai. Wannan ruwan ma tuni ya gaya wa matarsa asalinsa: jirgi ne ya watsa gishiri cikin gajimare.

Da numfashin yarinyar ya daidaita, matar ta leƙa baranda. Ta same shi a sujada, ya jiƙe sharkaf.

"Malam, ba ka ce gishiri ne ba?"

"Gishiri ne mana," ya ce, ya mayar da goshinsa ƙasa.