Hoton Magen Baba

Auta ta jefa hoton a kan gilashin sikana, ta buga murfin da ƙarfi har telan da ke shagon kusa ya leƙo, ya ga fuskarta, ya koma kan kekensa.

Tun da ta buɗe shagon gyaran hoto, Baba bai taɓa kawo mata aiki ba. Bai ma taɓa tambayar yadda take goge kurajen fuskar mutane ko cire wayar lantarki daga saman kansu ba. Sai yau da safe, yana shan shayi, ya zaro wannan daga aljihun gaban rigarsa ya miƙo mata da hannu biyu.

"Ki wanke min shi babba, Auta. Idona ya fara gajiya."

Hoton mage ne. Farar magen gidansu, ta hakimce a tsakiyar falo kamar ita ta biya kuɗin ginin.

Mama ba ta rufa shekara da rasuwa ba. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a tsakanin murhu da bahon wankin mutumin nan ta tafi ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Da ta ga an ɗaga abin ɗaukar hoto sai ta shige bayan labule tana dariya, ta ce a ɗauki masu kyau. Na katin shaidarta ma ya bi jakarta ya ɓace a asibiti. Wannan abu yana cin ran Auta kullum: tana gyara iyayen mutane tana sa su a firam, ita ba ta da tata.

Baba kuwa ko ɗigon hawaye ba ta gani a idonsa ba. Aikinsa ke nan ya zauna a bakin ƙofa, ya fito da hoton mage, ya ƙura masa ido yana murza shi da babban yatsa, har kusurwar dama ta koɗe. Abin takaicin ma, magen tana nan da ranta. Za ta zo tana goga masa jiki a ƙafa, ya ture ta gefe ba tare da ya ɗago kai ba.

Mage yake so? To mage zai samu, ita kaɗai.

Auta ta jawo hoton a kwamfuta ta ƙara masa girma, yadda ta saba aiki, har komai ya koma ɗigo-ɗigo. Ta fara da bokitin da ke bayan magen. Bokitin Mama ne, da shi take goge falon. Ta shafe shi. Ta shafe tsintsiya, ta shafe warin silifa a gefen kujera, ta toshe tsagewar bango. Dabbar da ta ƙwace wa uwarta kukan miji ba ta cancanci zama a cikin kayan Mama ba.

Kusurwar dama ce ta ba ta wahala. Nan labulen ƙofar kicin yake, nan kuma yatsan Baba ya cinye launin. A bakin labulen akwai wasu tabo masu duhu a jere, dishi-dishi, da ɗan ƙyalli a jikin ɗaya. Datti ne ko zufar hannu, ba ta tsaya bincike ba. Ta ɗebo launin bango ta bi ta kansu, ta haɗa da labulen gaba ɗaya.

Aiki ya yi kyau, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Mage fara sol a fili tas, ana iya ƙirga gashin bakinta.

A ƙa'idarta takan ajiye na asali a gefe ko da mai hoto zai canza ra'ayi. Yau da kwamfuta ta tambaye ta ko ta maye gurbin na farko, ta danna e ba ta ko ƙifta ido ba. Ta ɗauko tsohon daga sikana, ya yi laushi kamar tsumma, yana ƙamshin turaren Baba. Ta sa shi a ƙarƙashin wuƙar yanka takarda ta yi masa siri-siri. Da mai kwasar shara ya tsaya a ƙofar shago, da hannunta ta juye masa kwandon.

Da yamma ta sami Baba a inda ta san za ta same shi, hannunsa yana ta komawa aljihun da babu komai. Ta dire masa firam ɗin a cinya.

"Ga ta nan, Baba. Sai ka rataye ta inda ya kamata a ce hoton Mama yake."

Ya goge tabarau da gefen riga, ya saka, ya ɗaga firam ɗin wajen haske. Idonsa bai tsaya a tsakiya ba. Babban yatsansa ya zarce kusurwar dama, ya shafa gilashin, ya sake shafawa.

"Ina tsohon?"

"Na yanka na zubar. Na kwamfutar ma babu."

Ta faɗa ne tana kallon cikin idonsa, don so take ya ji zafi ko sau ɗaya. Sai ta ga idonsa ya ciko da ƙwalla. Haushi ya ƙara turnuƙe ta: ashe yana da hawaye, mage ya ajiye wa.

"Me ya rage kuma? Ba ga magen taka ba?"

Baba ya kifa firam ɗin a ƙasa a hankali, magen ta zo tana shinshina bayansa.

"Wa ya ce miki mage nake kallo? Yatsun uwarki ne riƙe da labulen nan, har da zoben da na saya mata."