Kujerar da Ke Kusa Gare Ni

Baba makaɗin goge ne a Rabah. Wata la'asar ya kai ni birni, wani babban zaure inda baƙi ke kiɗan Turawa. Goge ya fi ashirin, duk suna kuka tare, jama'a kuwa na zaune tsit kamar gidan makoki.

Baba ya damƙe wuyan hannuna.

Na ce, "Mi ya faru, Baba?"

Ya ce, "Goge iskoki shika kira, ɗiyata. An kira su, ba wanda ya tashi tarbonsu. Kar ki dubi kujerar da ke kusa gare ki."

Tun da munka shigo babu kowa kanta, amma na ji ta yi ƙara kamar an zauna.

Ban duba ba. Har yau, in jikokina sunka kunna kiɗa, sai na zaunar da ɗayansu kusa gare ni.