Ƙofar da Ta San Ɗingishi

Tun da aka kafa ƙofofin da ke gane mutum da kansu, Suwaiba ba ta taɓa shiga ko'ina da fuskarta ba. Ruwa biyu ce, uwa Bakatsiniya, uba ɗan Sin. Na'ura ta rasa inda za ta ajiye wannan fuska, sai aka yi mata rajista da ɗingishin da ta taso da shi.

Shekara guda likita yana sauya mata motsa jiki, yau iyo, gobe keke, jibi tsallen igiya, har ƙafar ta miƙe.

Yau ga ta a ƙofar asibiti, mahaifiyarta na ciki rai a hannun Allah. Sau bakwai tana takowa, ƙofa ko gezau.

"Baba, ai ka san ni," ta ce wa maigadi.

"Na san ki, 'yata, amma ni ma ita ke buɗe mini. Yi tafiyarki ta da."

Ta gwada ɗingishin ƙarya, ƙofa ba ta yarda ba. Sai ta tsinci wani dutse a bakin kwata, ta miƙa masa.

"Gwiwar hagu ce, Baba. Don Allah kar ka tausaya mini."