Facin 'Yan Zurfi

Ku yaran yanzu ba ku da tausayi. Tsoho na tari a ɗaki, ku kuna jawo ƙofa don kada ya dame ku. To ku gyara zama ku ji abin da ya sami wani matashin kafinta, kuma kada wanda ya katse ni.

Zarto ne ya cinye masa hannun dama, tun daga wuyan hannu har yatsu. Likita ya duba ya ce sai dai a yanke. Ubansa, wanda shi ma kafinta ne, ya naɗe masa hannun da tsumma ya ce, "Taso mu je."

Suka bi layin maƙera har ƙarshe, inda wata matakala ta gangara ƙarƙashin ƙasa. A can 'Yan Zurfi suke zaune. Su ba mutane ba, su ba aljanu ba. Dogaye ne sirara, launin toka, kunnuwansu da tsini, yatsunsu kamar tsinke. In suka tsaya jikin bango sai ka rantse inuwa ce. Sana'arsu faci, kuma babu abin da ba sa ɗinkewa, tulu ne ko ƙashi ko tsoka. Sai dai ba sa ƙirƙiro sabo. In jikin mutum za su gyara, daga jikin ɗan'uwansa na jini suke yanko facin, shi ma sai ya yarda. Facin yana raye muddin wanda ya bayar yana raye. Ranar da ya mutu kuwa, sai su zo su zare zarensu.

Matakalar duhu ce ƙirin, ga kwana-kwana. Ɗan yana lalube yana gware da bango. Tsohon na gaba yana haki, hakin da aka san shi da shi tun ɗan nan yana goye, amma ko tuntuɓe bai yi ba. Babbar 'Yan Zurfi ta ɗago kai daga aikinta, ta turo wa tsohon kujera da ƙafa.

"Daga jikin wa za a yanka?" ta tambaya.

Tsohon ya miƙa hannunsa na dama.

Hannun nan da gwanintarsa ya zo. Abin da uban ya kwashe shekaru yana koyo, ɗan ya wayi gari da shi a yatsu. Kujera in ya haɗa ba ta kuka, ƙofa in ya sa ba ta cijewa. Kafin a ce haka shago ya cika da ma'aikata, kafinta ya yi tumbi, ya koma zama a kujera yana ba da umarni.

Da kaya suka yi yawa, sai ya ga ɗakin ubansa ya fi dacewa da jera gadaje don masu saye. Aka kwashe tsohon da dungulminsa aka mayar da shi ɗakin baya, inda ake tara buhunan garin katako. Ƙura ta shiga ƙirjinsa, haki ya zama tari, tari ya fara zuwa da jini.

Gwaggonsa, ƙanwar tsohon, ta same shi a shago.

"Kai ɗan nan, ka kai yayana asibiti."

"Gwaggo, tsufa ne fa. Tsufa ana kai shi asibiti?"

"Ko don hannun nan ai ka kai shi. Ka manta ƙa'idarsu?"

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Yaushe rabon da in riƙe zarto? Ni yanzu nuni nake yi, nuni kuwa ko da hagu ana yin sa."

Sau ɗaya ya leƙa ɗakin bayan, shi ma buhu ya je dubawa. Tsohon ya kamo masa gefen riga da hannun da ya rage masa.

"Ɗana, ka nemo mini magani. Ba don ni ba."

"Na sani, Baba, don hannu. Na yafe shi."

Tsohon ya buɗe baki zai ƙara magana, tari ya sarƙe shi. Ɗan ya fizge rigarsa ya fita, ya jawo ƙofar.

Rannan da tsakar rana yana cinikin gado da wani mai saye, sai ya ji hannun damansa ya yi sanyi. Ya duba, ya ga ya koma launin toka. Ya gane tsoho ya cika. Kuma in gaya muku gaskiya, abin da ya fara ji a ransa sauƙi ne.

Rana tana tsaka, amma inuwar bangon shagon ta fara tsawo. Ta rabu gida-gida, ta miƙe tsaye. Ma'aikata suka zubar da guduma suka ranta a na kare, mai saye ya bi bayansu ba takalmi.

Babbar 'Yan Zurfi ta kama wuyan hannunsa, ta tsinto bakin zare da farce, ta ja. Hannun ya faɗa cikin kwandonta. Ko zafi bai ji ba.

"Shi ke nan?" in ji kafinta. "Ashe abin da sauƙi. To, ku sauka lafiya."

Ba ta motsa ba. Sauran suka zagaye shi, shagon ya yi duhu.

"Buɗe rigarka," ta ce.

"Baiwar Allah, aikinku ai a hannu yake, kun kuma ɗauka."

Ta ɗora farce a ƙirjinsa ta wajen hagu, ta tsinto bakin wani zare da bai taɓa sanin yana nan ba, ta naɗe shi a yatsa. Tana ja a hankali ta ce, "Wancan aikinmu na biyu ne. Na farko kana jariri aka kawo ka da zuciya a huje, ubanka ya ba da rabin tasa."